Tambayoyinku: Ciwon Cikin Safiyar Litinin da Sauran Matsalolin 'Yan Firamare

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Legas suka fito, kuma kusan duka a kan ƙananan yara ne, daga 'yan nazare zuwa 'yan aji uku. Malaman firamare da wata ma'aikaciyar jinya ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da muka taso daga Zariya muka tare a Agege, inda maigidana yake sana'a. 'Yata shekararta shida. A gida kamar aku take, amma malamarta ta ce tun da ta shiga aji ɗaya ba ta taɓa jin muryarta ba. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, ran Asabar da Lahadi kuwa garau. Sau biyu tana dawowa da fitsari a kayan makaranta. Babanta ya ce shagwaɓa ce, in bari ya zane ta. Ina mafita?
Wata uwa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki ba maigida haƙuri ya ajiye bulalar nan tukuna. Ciwon cikin da ke sallama ran Litinin ya yi ban kwana ran Juma'a, yawanci tsoro ne ya sauka a ciki, kuma da gaske yarinyar tana jin sa. Babba ma in aka ce gobe zai tsaya gaban alƙali ai cikinsa ɗurar ruwa yake yi. Sai dai kafin ki ɗora komai a kan tsoro, ki lura: in akwai zazzaɓi, amai, gudawa, rama, zafi wajen fitsari, ko ciwon yana tashinta daga barci cikin dare, to wannan na asibiti ne, a je a duba ta.

Yanzu ki sa kanki a matsayinta. Malama tana magana da Turanci, yara a tsakaninsu suna Yarbanci da broka, kuma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar Legas. Ita kuwa da Hausa kaɗai ta zo. Yaron da aka jefa cikin sabon harshe yakan yi shiru na makonni, wani har 'yan watanni, yana tara kalmomi a kunne kafin bakinsa ya buɗe. Ki tambayi malamar: in aka ce a tashi tana bin 'yan'uwa ta tashi? Tana motsa leɓe in ana waƙa? Tana nuna abu da yatsa in tana so? In amsar e ce, tafiya tana tafiya. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a tsayar da ita gaban aji a ce sai ta yi magana. Daga ranar bakin zai ƙara rufewa.

Akwai wani abu da iyaye Hausawa ke mantawa, kuma yakan kawo irin wannan ƙorafi. Da wane suna kuke kiranta a gida? In sunan kakarta ta ci, kuna ce mata Ummi ko Mami ko Walida, amma a rajista an rubuta Khadija, to malama na iya kiran Khadija sau goma yarinya tana kallon taga, don ba ta san da ita ake ba. Sai a ce ko kurma ce, ko taurin kai gare ta. Ki gaya wa malamar sunan da take amsawa, a gida kuma ki riƙa kiranta da sunan rajistar jefi-jefi har kunnenta ya saba. Ki kuma sanar da malamar cewa a tarbiyyarmu yaro ba ya zuba wa babba ido. In ta sunkuyar da kai, ladabi take yi.

Batun fitsari kuwa, sau da yawa dalilinsa ɗaya daga cikin uku ne: ba ta san yadda ake neman izini ba, ko banɗakin yana ba ta tsoro, ko kayan makarantar suna da zif ko bel ɗin da ba ta iya kwancewa da sauri. Ki je makarantar bayan an tashi, lokacin da babu hayaniya, ki riƙe hannunta ku taka daga kujerarta har ƙofar banɗaki. Ki leƙa da idonki. Akwai ruwa? Akwai buta? Ƙofar tana rufuwa? Yarinyar da ta saba tsarki da buta, in ta tarar babu, takan gwammace ta matse. Ku shirya wata alama da malamar, misali ta ɗaga yatsu biyu, malama ta gyaɗa kai, shi ke nan, ba sai an yi magana ba. Ki sa mata ɗan kamfai da siket na canji a leda a ƙasan jaka, ki nuna mata inda suke. Kada ki rage mata ruwa da safe don gudun fitsari. A zafin Legas wannan ciwon kai da taurin bayan gida zai jawo. In ta sake jiƙewa, ki karɓi kayan ki wanke, kada yayyenta su ji labari.

Ki koya mata kalmomi biyar kacal da Turanci, irin na neman ceto: ruwa, banɗaki, ciwo, bari, na gode. Ki rubuta wa malamar biyar na Hausa a 'yar takarda: zo, zauna, sannu, ruwa, madalla. Ranar da Bayarabiya ta dafa kafaɗarta ta ce mata "sannu", za ki ga canji. In akwai wata yarinya Bahaushiya a ajin, a Agege kuwa da wuya a rasa, a zaunar da su benci ɗaya na mako uku ko huɗu, sannan a ƙara musu ta uku wadda ba ta jin Hausa, don kada su zama tsibiri su biyu.

Wajen rabuwa da safe, ki gajarta. Ki kai ta ƙofar aji, ki yi mata addu'a, ki faɗi magana iri ɗaya kullum: "Bayan an yi kiran azahar zan zo." Yaro ɗan shida bai san ƙarfe biyu ba, amma ya san kiran salla. Kada ki sulale ki gudu in hankalinta ya ɗauku, don gobe za ta riƙe zanenki gam. Kada kuma ki makara wajen ɗauko ta a makonnin farko. Ki lissafa da cunkoson hanya ki fito da wuri, domin minti ashirin a bakin get bayan kowa ya watse ya isa ya rushe aikin mako guda. Barinta a gida saboda kuka yana ƙara wa gobe nauyi ne kawai.

Ki duba barcinta ma. Mai shekara shida tana buƙatar awa tara zuwa sha biyu. In tana tashi ƙarfe biyar da rabi, ta yi boko, ta yi Islamiyya da yamma, ta kwanta sha ɗaya saboda ana kallo a ɗaki, to gajiya kaɗai ta isa ta sa ta kuka. Kada ta fita da ciki wayam, ko koko da ƙosai, ko shayi da yankin burodi. In ta dawo, ki daina tambayar "me aka koya muku?" Ki ce, "Wa ya zauna kusa da ke? Da wa kika ci abincin tara?" Amsar waɗannan ita za ta nuna miki ko ta fara samun wuri. In zango guda ya ƙare ba ta yi wa kowa magana a makaranta ba, har 'yar'uwarta Bahaushiya, a gwada jinta a asibiti, a kuma nemi ganin likitan yara.

Tambaya: Ɗana bahago ne. Malaminsa yana buge masa hannu in ya ɗauki fensir da hagu, yanzu ya tsani rubutu. Ni ma dai ba na son hagun.
Wani uba, Ijora

Amsa: Malam, kusan mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya halicce shi, abin daga ƙwaƙwalwa yake. Ci da sha da miƙa wa babba abu, waɗannan a koya masa da dama a hankali a gida, zai iya. Rubutu kuwa a bar masa hagunsa, ka je ka faɗa wa malamin haka da bakinka, don sau da yawa malamai suna zaton abin da iyaye ke so suke yi. A zaunar da shi a gefen hagu na benci, kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Ya karkata kan littafin zuwa dama, ya riƙe fensir kamar santimita biyu zuwa uku sama da tsininsa, don ya ga abin da yake rubutawa, hannunsa kuma kada ya shafe shi. Ka lura da shi a Islamiyya: rubutun Larabci da ke tafiya daga dama zuwa hagu ya fi yi masa sauƙi.

Tambaya: Ina koyar da aji biyu a wata makarantar al'umma kusa da kasuwar Mile 12. Yara 58 gare ni: Hausawa, Yarbawa, Ibo, har da Zabarmawa. Hedimasta ya hana duka. Tun daga nan ajin ya zama kasuwa, muryata har ta dishe. Wallahi ina son yaran, amma ban san yadda ake riƙe aji ba bulala ba.
Wata malama, Ketu

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya yara 35 a firamare, ke kuwa kina ɗauke da kaya ɗaya da rabi da ɗoriya. Hedimastanku bai yi kuskure ba. Gwamnatin Legas ma ta hana duka a makarantunta. Kuskuren shi ne a karɓe bulala ba a ba malami abin da zai maye gurbinta ba. Ki kuma sani tun yanzu: mako biyun farko sai abin ya ƙara lalacewa, domin yaran suna gwada ko da gaske ne. A nan yawancin malamai ke karaya su koma gidan jiya.

Ki fara daga bakin ƙofa. Ki tsaya da safe, kowane yaro ya shigo ki ambaci sunansa ki gaishe shi. Daƙiƙa biyar sau 58 bai cika minti biyar ba. A wannan tsayuwar za ki ga wanda ya zo da kumburarren ido, wanda bai karya ba, wadda aka yi wa kitso mai zafi tana ta taɓa kai. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma yaron da aka kira sunansa cikin fara'a da ƙarfe takwas ba ya buƙatar jifan wani da alli da ƙarfe goma don a san yana nan.

Ki daina ɗaga murya. Muryar mutum ɗaya ba ta rinjayar hamsin da takwas. Ki zaɓi alama ɗaya: ki tafa sau uku, su amsa da tafi biyu, su ɗora hannu a kan tebur. Ki gwada ta kamar wasa sau biyar ko shida a ranar farko. Sharaɗin shi ne kada ki fara magana sai an yi tsit, ko da za ki tsaya minti guda kina kallonsu. Ranar da kika fara bayani cikin surutu, kin koya musu cewa alamar ba ta da haƙori. Dokokin aji kada su wuce huɗu, a faɗi abin da za a yi: muna ɗaga hannu, muna tafiya a hankali cikin aji, hannunmu a jikinmu, muna kiran kowa da sunansa. Ki sa hoto kusa da kowace, don rabinsu ba su iya karatu ba tukuna.

Yaro ɗan bakwai ba ya iya zaman sauraro fiye da minti goma zuwa sha biyar. Abin da kike kira rashin ji, rabinsa gajiyar zama ce. Ki yanka darasin: bayani kaɗan, su yi aiki bibbiyu, a miƙe a yi waƙa ko a ƙirga da tsalle, a koma. Ki raba su rukuni goma, shida-shida ko biyar, ki gauraya ƙabilu, amma kada ki bar sabon zuwa shi kaɗai ba mai jin yarensa. Duk Litinin layin baya ya dawo gaba, sauran su matsa, in ban da mai raunin gani ko ji, shi gaba ne wurinsa kullum. Yaron da ke tsuke ido in yana kallon allo, ko yake juya kunne ɗaya wajenki, ko kunnensa ke zubar da ruwa, ki gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira daƙiƙai, allon ne kawai ba sa gani.

Wajen tambaya, in kika bi masu ɗaga hannu, yara takwas ne za su yi ta amsawa har ƙarshen shekara. Ki rubuta sunan kowa a tsinke ko guntun kwali, ki zuba a gwangwanin madara. Ki yi tambaya, ki ƙirga biyar a zuci, ki ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi, sannan ki zaro suna. Wanda ya kuskure ki ce "ka kusa, wa zai ƙara masa?" Abu ɗaya da ba za ki taɓa bari ba shi ne aji ya yi wa yaro ihun "olodo", wato daƙiƙi da Yarbanci. Wannan ihu ya fi bulala illa, don bulala zafinta na wuni ne, shi kuwa yaro yana iya kai shi har sakandare bai sake ɗaga hannu ba. Haka kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban aji. Bashin na uba ne, a aika masa takarda a rufe.

Ga matakan horo, daga ƙarami: kallo, ki matsa ki tsaya kusa da shi kina ci gaba da darasi, ki sunkuya ki faɗa masa a kunne abin da kike so ya yi, ki canja masa wuri na minti biyar, ki riƙe shi minti biyu in an fita tara ku yi magana, sannan iyaye. Wanda ya zubar ya share, wanda ya yaga ya liƙe. Kamun kunne, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana duka ne da aka sauya wa suna. Hana yaro abincinsa ko zuwa banɗaki kuwa bai halatta a matsayin horo ba ko kaɗan. Monita mai rubuta sunayen masu surutu ma ki sauke shi. Ƙaramin azzalumi kike rainowa. Ki ƙirƙiro ayyuka da yawa masu zagayawa: mai goge allo, mai raba littafi, mai buɗe taga, mai cika buta. Mafi fitina a ajin, shi za ki fara ba aiki.

Abu na ƙarshe, kuma a ganinmu shi ya fi muhimmanci. Masu ƙiriniya ba sa ɓacewa, kowa ya san su. Waɗanda ke ɓacewa su ne masu shiru. Sau ɗaya a zango, ki kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya raɗa miki sunan mutum biyu da yake so ya zauna da su. Ki yi ɗigo a gaban sunaye a rajistarki. Za ki tarar da uku ko huɗu da ba wanda ya ambata. Ki riƙe abin a ranki, ki zaunar da kowannensu da yaro mai kirki, ki ba su aiki tare. Lokacin tara kuma ki leƙa fili: 'yar gala-gala da 'yan matanmu ke yi, ita ce Yarbawa ke kira suwe. Zane ɗaya a ƙasa ya ishe su, wasan ba ya neman tafinta.

Tambaya: Zan sa 'yata a makarantar gwamnati, amma maƙwabciyata ta ce za a cire mata hijabi. Gaskiya ne?
Wata uwa, Obalende

Amsa: Hajiya, labarin maƙwabciyarki ya tsufa. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai Musulmi na sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Ki ɗinka mata ƙarami, iya kafaɗa, mai launin kayan makaranta, na zurawa wanda ba ya buƙatar fil, don fil a wuyan yarinya mai guje-guje haɗari ne. Ki yi guda biyu ko uku saboda gumi. In wani malami ya ce ta cire, kada ki tura yarinya ta yi jayayya da babba. Ke za ki je wurin shugaban makarantar. Makarantun kuɗi kuwa kowace da tsarinta, don haka a tambaya kafin a biya.

Tambaya: Yarona shekararsa takwas. 'Yan ajinsu ba sa kiransa da sunansa sai "aboki", suna kwaikwayon Turancinsa suna dariya. Na ce duk wanda ya sake ya rama. Ya fasa wa wani baki, yanzu shi aka hukunta. Na yi laifi?
Wani uba, Idi-Araba

Amsa: Malam, zafin da ka ji kowane Bahaushen Legas ya san shi. "Aboki" kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma yadda ake jefa ta a titi da cikin danfo, wato motar haya, yaro ɗan takwas ya san ba abota ake nufi ba. Sai dai shawarar ramuwa ta jefa shi rami. Masu tsokana da baki suke yi, a ɓoye. Shi ya rama da hannu, a fili. Malami jini ya gani, bai ji abin da aka yi wata uku ana faɗa ba.

Ka zauna da shi, ka fara da cewa ka san an zalunce shi, sannan ka janye maganar duka. Ka samo littafi ka rubuta: wace rana, su wa, a ina, me aka ce. Za ka ga abin yana da wurarensa, galibi lokacin tara, bayan banɗaki, ko hanyar gida, wato inda idon babba ba ya kaiwa. Da wannan takarda za ka je wurin malamin ajin, cikin mutunci, ka nemi abu uku takamaimai: a canja wurin zama, a sa babba a fili lokacin tara, a kafa dokar kiran kowa da sunansa. Ku sa ranar da za ka dawo, bayan mako biyu. In ba a ga canji ba sai hedimasta, da wasiƙa a rubuce, ka riƙe kwafi. Daga nan, in makarantar gwamnati ce, akwai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB. Kada ka tare yaron wani a hanya, kada ka je gidansu da fushi. Rigimar yara ta koma ta manya, ta manya kuma a unguwa irin taku tana iya zama ta ƙabila kafin magariba.

Ka roƙi malamin kada ya tsayar da ɗanka gaban aji ya yi wa'azi a kansa, kada kuma ya tilasta musu musabaha a ce an shirya. Masu tsokanar a kira su ɗaya-ɗaya. Shi kuma ka koya masa ya miƙe, ya dubi mai tsokanar, ya faɗi sunansa na gaskiya da ƙarfi sau ɗaya, ya wuce wurin da mutane suke. Ku gwada a gida, kai ka zama mai tsokanar, har ya iya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Aboki ɗaya na ƙwarai a ajin ya fi duk wannan kariya. Ka gano wane ne, ka gayyato shi cin tuwo.

Turancin kuwa gyaransa ba wuya. Harshenmu bai raba "p" da "f" ba, shi ya sa suke cakuɗe mana. Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinsa: in ya haɗe leɓɓa ya saki iska takardar ta yi tsalle, "p" ke nan; in ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya hura, "f" ke nan. Minti biyar kullum, cikin wasa. Ka kuma gaya masa kowane harshe da inda yake tuntuɓe, masu yi masa dariya ma suna da nasu.

Mu ma mu duba gidajenmu. Yaron da ke jin ana cewa "arne" a tsakar gida, shi zai kai kalmar makaranta gobe, wani uban kuma ya rubuto irin wasiƙarka.

In abin ya wuce baki ya kai ga rauni, ƙwace, ko taɓa yaro a al'aurarsa, ko daga yaro ko daga babba, wannan ya fi ƙarfin sulhun makaranta. Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, tana kuma da hukumar da ke karɓar ƙorafin cin zarafi, DSVA.

Tambaya: Jikana ɗan shekara bakwai yana da sikila. Malamarsa don tausayi ba ta barinsa ya fita wasa, shi kaɗai yake zama a aji. Yanzu ya ce ba ya son makaranta, wai yara na gudunsa.
Wata kaka, Alaba Rago

Amsa: Inna, Allah ya ba shi lafiya. Tausayin malamar ya yi yawa har ya zama kurkuku. Yaran sun ga an ware shi, sai suka ɗauka cutar ana ɗauka. Da izininku, malamar ta gaya wa ajin a taƙaice cewa gado ne a jini, ba a kamuwa da shi ta wasa ko cin abinci tare. Ya fita wasa kamar kowa, da sharaɗin ya huta da zarar ya gaji, ba mai ce masa rago.

Abin da ke tayar da ciwon shi ne ƙishirwa, sanyi, dukan ruwan sama, gajiya mai tsanani da zazzaɓi. Don haka gorar ruwansa ta zauna a kan tebur, ya sha ba sai ya nemi izini ba. Zai yawaita fitsari, domin ƙodar mai sikila ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa, saboda haka ƙofar banɗaki a buɗe take gare shi. Kada a zaunar da shi ƙarƙashin fanka ko bakin tagar da feshi ke shigowa. A watannin Yuni da Yuli, da ruwan Legas ke sauka ba sallama, rigar sanyi da rigar ruwa da safa na canji kada su bar jakarsa; in ya jiƙe a canja masa nan take.

Ku rubuta kati, ɗaya a jakarsa, ɗaya wurin malama: lambobin waya biyu, asibitin da yake zuwa, magungunan da likita ya ɗora shi a kai. In ya ce gaɓoɓinsa na ciwo, a yarda da shi, a kwantar da shi wuri mai ɗumi, a ba shi ruwa, a kira gida. Kada a sa masa ƙanƙara ko ruwan sanyi a wurin. Amma in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, ko ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura, ko gefen jikinsa ya saki, ko maganarsa ta karye, to asibiti kai tsaye, a kira ku daga hanya. In karatunsa ya faɗi kwatsam ba dalili, ku gaya wa likita, kada a ce wasa ya sa a gaba. Akwai gwajin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa masu sikila daga shekara biyu zuwa sha shida don gano haɗarin shanyewar jiki tun da wuri. Ku tambaya a cibiyar sikila ta ƙasa da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH.

In ya kwanta jinya, malama ta ajiye masa kujerarsa, kada a ba wani. Abokin zamansa ya riƙa kawo masa aikin aji gida sau biyu a mako, shafi ɗaya ko biyu, na lissafi da na karatu kawai. Ranar da ya dawo kuma kada a tare shi da jarrabawar da ta wuce shi. A ba shi mako guda ya kamo, sannan ya rubuta.